Shingen kare da ba a gani: waɗanda suka binne wayar su ba mu labari

Mai kaji daga Ohio:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kiwon kaji da 'yan tumaki a bayan gari, na samo kare don gadi, a waje yake kwana. Sau uku ke nan yana tsallaka titi zuwa gidan maƙwabci, mutumin ya fara ɗaure min fuska. Filin ya kai eka biyu, shingen katako ya fi ƙarfin aljihuna. An ce min akwai na waya da ake binnewa. Wanda ya taɓa sa shi da hannunsa nake son ji, ba masu talla ba.

Bazazzagi a Pennsylvania:
Wa alaikumus salam, Malam. A jiharmu ma aka ƙirƙiro abin, wani Richard Peck ne a 1973. Akwati ne ƙarami da ake jona wa wuta a gareji, waya ta fita daga cikinsa ta zagaye filin ta dawo. Wayar ba ta jan kowa, siginar rediyo kawai take fitarwa. Wani abin wuya mai batiri da ake ɗaura wa karen ne ke kama siginar: in ya matso sai ya ji ƙara, in ya ci gaba sai ya ji ɗan shokin.

Kafin shebur ɗinka ya taɓa ƙasa, kira 811, lambar da ake bugawa a nan Amurka kafin a yi tono. Kyauta ne, za su zo su yi maka alamar bututun gas da launin rawaya, wayar lantarki da ja, ruwa da shuɗi. Sannan kada ka yi gaggawar binnewa. Shimfiɗa wayar a kan ciyawa, ka riƙe abin wuyan a daidai tsayin wuyan karen, ka bi layin da ƙafa kana sauraron ƙarar. Ni na binne tukuna na gwada daga baya, sai ga wani lungu shiru, na kwashe Asabar guda ina tonewa. Zurfin inci 1 zuwa 3 ya isa. A kwana kada ka karya wayar, lanƙwasa ta a hankali. Daga gareji zuwa bakin iyaka kuwa sai ka murɗe wayoyin biyu kamar igiya, hakan ke kashe siginar, karen ya wuce ta wurin lafiya.

Maman 'yan biyu, Minnesota:
Duk abin da Yaya ya faɗa haka ne, amma wallahi binne waya shi ne mai sauƙin. Aikin yana wurin horo. A kwalin akwai 'yan fararen tutoci da ake kafawa a bin layi, ana riƙe karen da igiya, da ya ji ƙara a ja shi baya a ba shi ɗan nama, minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a yini, kamar mako biyu. Maigidana ya ce ai kare ne, da ya ji jan wuta sau ɗaya zai gane. To ya gane, amma ba abin da muke so ba. Kwana huɗu ya laɓe a ɗakinsa, ko fitsari sai an lallaɓo shi, don bai san daga ina dukan ya zo ba. Sai da muka kashe shokin, muka bar ƙarar kaɗai, muka faro daga tushe.

Kuma a riƙa cire masa abin, kada ya wuce awa 12 a wuya. Namu, ƙarafa biyu na abin wuyan da ke taɓa fatarsa sun yi masa gyambo a ƙarƙashin gashi, wari ne ya tona mana.

Direban tirela, Georgia:
Malam mai kaji, ni fa da gargaɗi na zo. Nawa ya yi wata takwas bai taka layi ba, har na fara yabon abin a masallaci. Ran da barewa ta gifta, ko waiwaye bai yi ba, ya keta. Abin haushin, da zuciyarsa ta huce ya juyo gida, ƙarar ta tare shi ta waje. Can na same shi zaune a bakin titi yana kallon ƙofarmu. Kuma ka sani, karenka kaɗai wayar ta sani. Karen maƙwabci, koyoti (dabbar daji mai kama da dila), yaron da ya biyo ƙwallonsa, duk shigowa za su yi. Kai da ke da kaji, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ɗaliba a Cardiff:
Mu nan Wales tun 2010 doka ta hana sa wa kare ko kyanwa abin wuya mai shokin, har da irin na wannan shingen. Kowa ya duba dokar inda yake.

Baba mai ritaya, Kaduna:
'Ya'yana, in aka ɗauke wuta fa? Mu nan tambayar farko ke nan.

Bazazzagi a Pennsylvania:
Ranka ya daɗe, Baba, da wuta ta tafi shingen ya tafi, sai in an haɗa masa batirin ko-ta-kwana. Ku da kuke da katanga da gyat ai kun huta. Batirin abin wuyan ma yana mutuwa shiru, wata ɗaya zuwa uku, kare mai wayo kuwa yakan lura ƙarar ta daina. Tsawa ta taɓa ƙona min akwatin, tun daga nan na sa masa makarin tsawa. In waya ta tsinke akwatin zai yi ta kuka. Ni da ƙaramar rediyo a zangon AM nake bin layin, inda gunjin ya yanke nan nake tonawa.

Mai kaji daga Ohio:
Allah Ya saka da alheri. Maganar direba ta tsaya min a rai, don haka garken kaji zai sha ragar ƙarfe ta gaske, wayar kuma ta tsare min karen daga titi. Na kira 811 ɗazu, sun ce in jira su zo su yi alama. Hajiya, naman horon nan, dafaffe kike ba shi ko busasshe?