Bidiyon tatsuniya a ajin ƙagaggen labari: koyarwa ce ko sata?

Malamar Adabi: Abin nan ya ishe ni. A kunna wa ɗaliban jami'a bidiyon Gizo da Ƙoƙi daga YouTube, a ce su rubuta gajeren labari, su kwashe maganar mai bidiyon su juye a takarda. "Sai Gizo ya ce, sai Kura ta ce", har shafi uku. Wannan sata ce, a daina kunna bidiyon.

Baban Ilham: Haba Malama, sata kuma? Tatsuniya ba ta da mai ita. Kowa a bakin wani ya ji, ya ƙara nasa gishirin.

Mai Tace Rubutu: Yallabai, labarin ne na kowa. Jimlolin da muryar da zanen na mai tashar ne. Wanda ya kwafe su ya yi satar fasaha.

Baban Ilham: To wanda ya buɗe da "ga ta nan ga ta nanku" shi ma ɓarawo ne?

Dakta: Gyaran yana wajen tsara darasi. A zaɓi bidiyo mai minti 5 zuwa 8. Kallon farko a kashe sauti, kowa ya rubuta abubuwa biyar da ya ga sun faru. Na biyu da sauti, a tsayar kafin asirin Gizo ya tonu, don in sun ga ƙarshen, shi za su maimaita. A ajiye wayoyi, a ba su minti 40, kalma 500, Ƙoƙi ta ba da labarin da bakinta. Yawan "sai" gadon baka ne. Mai tatsuniya tana da murya da waƙa, takarda ba ta da su, dole ɗalibi ya cike gurbin da hirar taurarin labarin da siffanta wuri.

Mai Tace Rubutu: A kashe sauti, Dakta? Waƙar da ake maimaitawa ita ce ke riƙe da labarin.

Baban Ilham: Kai dai duk inda Malama ta karkata can kake. Ka amsa tambayata.

Mai Tace Rubutu: Ka janye wannan maganar tukuna.

Admin: An rufe. A taƙaice, an yarda tatsuniya gadon kowa ce, saboda haka kalmar sata ta yi nauyi, kamar yadda Baban Ilham ya tabbatar. Dakta ma ya yi bayani a sama.