Muhawara: A killace daji ɗaya, ko a yi wa kwarin Rima tsari gaba ɗaya?

Ɗan Jami'a: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya a aji aka yi wata magana da nake so ku sa mata baki. An ce ware daji ɗaya a zagaye shi da waya don tsuntsaye ɓarnar kuɗi ce. In ana so tsuntsayen daji su ɗore a ƙasar Sakkwato, sai an yi wa kwarin Rima tsari guda, tun daga madatsar Goronyo, a biyo ta Wurno da Kware har Argungu. Fadama da gonaki da burtali da tafkuna duk su shiga lissafi ɗaya. Ni dai na gamsu. Me kuka gani?

Kawu Na-Wurno: Wa alaikumus salam. Yaro, wane tsuntsu? In jan baki kaka nuhi, taho Wurno in ba ka buhu-buhu kyauta. Bara ni da ɗiyana ukku munka yi wata guda cur bisa rumfa muna jan igiya da gwangwanaye, tun assalatu har faɗuwar rana, sai da muryata ta dushe. Wata sahiya na leƙa gida shan fura, kahin in komo gehen shinkafa guda ya koma ƙaiƙayi. Shi za a yi ma tsari?

Ɗan Jami'a: Allah ya huci zuciyarka Kawu. Jan baki ba ya neman taimakon kowa, babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Ina maganar gauraka da ɗinya da kirinjijiya, da baƙin da ke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a wajenmu.

Tsohon Malamin Daji: Ɗana, na yi aikin daji har na yi ritaya, kuma ban yarda da malaminku ba. Gandun daji yana da iyaka, yana da doka. In na kama mutum da gatari a ciki na san inda zan kai shi. Amma kwarin Rima gaba ɗaya? Wa zai tsare shi? Ƙananan hukumomi nawa, hakimai nawa, jihohi biyu. Abin da aka ce na kowa ne, ƙarshe ba mai kula da shi. Taura biyu ba ta taunuwa. A riƙe wuri ɗaya da kyau tukuna, kamar yadda aka ware Dagona a Yobe don tsuntsayen ruwa.

Ɗan Jami'a: Baba, da girmanka, Dagona ɗin ce hujjata. Ruwan da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda Dagona take, daga sama yake gangarowa, wani sashensa ta ƙasar Kano. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadamun ta ragu ƙwarai. Mai gadi yana bakin aikinsa, ba wanda ya shiga da bindiga, amma ruwan da agwagwar daji ta zo nema an tare shi a wata jiha. Mu ma nan haka ne. Bayan an gama madatsar Bakolori a 1978, ƙauyukan da ke ƙasa da ita a bakin gulbin Sakkwato sun ga ambaliya ta ja baya, shinkafar fadama da kamun kifi suka ragu.

Kawu Na-Wurno: Wannan kam gaskiya ta. Mai buɗe ƙofar ruwa shi ad da fadama, ba mu ba. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ya sani.

Malama Ta-Mabera: Baba Malamin Daji, in tambaye ka tsakani da Allah. Yau wa zai shiga dajin Gundumi ya ƙirga tsuntsu? Ko itace mutane tsoron zuwa yi suke saboda 'yan bindiga. In duka begenmu na kan gandun daji, to mun ajiye shi inda ƙafarmu ba ta zuwa. Makon jiya na zana gauraka a allo, da tukkunta da komai, na tambayi 'yan aji huɗu sunanta. Ɗaya ya ce talotalo, wata ta ce jimina. Ungulu ma, da a mayanka sai an kore ta, yaushe rabon da ku gan ta?

Tsohon Malamin Daji: Ungulu ba rashin daji ya kashe ta ba Malama, guba ce da masu sayen kanta don tsibbu. Tsarin ƙasa ba zai hana wannan ba, doka ce za ta hana. Kin ga maganata ta dawo.

Baffa Mai Shanu: Ni dai duk ranar da na ji an ce tsari, gabana faɗuwa yake. An yi tsari, burtali ya zama gona. An yi tsari, mashaya ta zama lambun albasa. Yanzu kuma a ce tsuntsu ya fi saniyata gata? Ku tambayi balbela wa take bi.

Ɗan Jami'a: Baffa, ai kai ne kan gaba a wannan lissafi. Kai da tsuntsun nan itace ɗaya kuke nema, gawo. Da damina yana zubar da ganye, bai hana gero rana. Da rani ya yi kore shar, ya yi fure, ƙwari su taru, daidai lokacin da baƙin tsuntsaye ke nan, sannan 'ya'yansa su zubo wa shanunka. Kuma abin da ya same mu yana kai wa baƙin tsuntsayen har can Turai. Bayan farin da ya fara a 1968, masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila sun ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke hunturu a yankinmu ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a 1969.

Tsohon Malamin Daji: A nan kam ka taɓa ni. Mun shuka dogon yaro da turare ba adadi, don akuya ba ta cika damunsu ba kuma suna saurin tashi. Inuwa ta samu. Amma zauna ƙarƙashin dogon yaro da hantsi ka kasa kunne, sannan ka koma gindin gawo ko bagaruwa ko aduwa. Ba sai an faɗa maka ba. Shirin katangar itatuwa da ƙasashen Afirka suka amince da shi a 2007, wanda Sakkwato ke ciki, in dogon yaro kaɗai za a jera, an yi maganin iska ne kawai.

Baffa Mai Shanu: Ku leƙa wajen Maraɗi. Tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture a gona, su rage rassa, su bar biyu ko uku su girma. Ba waya, ba mai gadi, ba a sayi dashe ba. Dalili ɗaya ne, mutum ya san in itacen ya girma shi zai amfana. Amma fa a rubuta burtali a takarda kafin a rubuta tsuntsu.

Kawu Na-Wurno: Duk na ji. Gawo bakwai ag gonata ta tudu, ban taɓa sare ko guda ba. Amma in jan baki ya sauka, jirgi nika so ya zo ya yi feshi.

Malama Ta-Mabera: Kawu, maganin jirgin nan ba ya tambayar suna. Shaho da shirwa da suka ci gawar jan baki su ma tafiya suke.

Ɗan Jami'a: Shi ya sa ake son fadama ɗaya ta yi shuka lokaci ɗaya ta girbe lokaci ɗaya, kada gonar mutum guda ta rage ita kaɗai a fili. A kuma lura da yadda ake sakin ruwa. A Haɗeja ruwan da ba ya janyewa ne ya yaɗa ciyawar kachalla, jan baki ya samu makwanci.

Tsohon Malamin Daji: Har yanzu ba ka faɗa mini wa zai tara hakimai da masu madatsa da makiyaya a rumfa ɗaya ba. Sai na ga wannan zan sauka daga kan bakana.

Kawu Na-Wurno: Ku bar shi hakanan. Yaro, shinkafata ta fara ɗaukar nono. Taho ran Assabar ka kwana Wurno, akwai igiya guda da ba ta da mai ja. Ka zo da littahinka, bisa rumfa za ka ga ɗinya in Allah ya so.

Ɗan Jami'a: Ƙarfe nawa ake fita, Kawu?

Kawu Na-Wurno: Kahin ladan ya yi kira.