Sauya tankin ruwan zafi mai aiki da zafin rana: lita nawa ya dace?

Mai tambaya daga Jos: Assalamu alaikum. Tankin na'urar ɗumama ruwa da ke kan rufin gidana ya yi tsatsa har yana yoyo ta gindi. Lita 150 yake ci, mu shida ne, kuma da hunturu ruwan zafin kan ƙare kafin yara su gama wankan makaranta. Shin in sayi mai lita 300?

Mai aikin famfo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akan ƙiyasta wa mutum ɗaya lita 40 zuwa 50 a rana, saboda haka lissafinka ya yi daidai. Sai dai tanki ajiya kawai yake yi. Bututan gilashin da ke jere a jikin tankin su ke kama zafin rana, kuma kowanne kimanin lita 10 yake iya ɗumamawa. Idan 15 gare ka, sai ka ƙara wasu 15, domin babban tankin da ramukan bututu 30 yake zuwa.

Wata mai amsa: Malam, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka a kira kafinta ya duba katakon rufin kafin a ɗora masa fiye da kilo 300. Namu sai da ya lotsa.