Tambaya kan tarihin daba a Kano

Bafagge, Jidda: Assalamu alaikum. Yarana da aka haifa a nan sun tambaye ni asalin daba a Kano da yadda hukuma ta tunkare ta.

Malam, Makka: Wa alaikumus salam. Tushenta na komawa ga 'yan bangar siyasa na zamanin jam'iyyun NEPU da NPC a shekarun 1950, lokacin da 'yan dokar En'e (wato 'yan sandan hukumar gargajiya) ke tsaron gari, kafin mulkin soja ya haɗe 'yan dokar da 'yan sandan tarayya.

Hajiya, Madina: Allah gafarta Malam, an kuma kafa Hukumar Hisba a 2003, amma ƙwacen waya da wuƙa, irin wanda na gani a Ƙofar Mata da na je gida, sai 'yan sandan sashen yaƙi da daba.