Kwatarmu ta toshe, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan gwari a wata ƙaramar kasuwa nan Legas. Damina uku ke nan kwatar bayan rumfunanmu a toshe take. Da ruwan Yuni ya sauka sai ka ga kwandon tumatir yana iyo, mu kuma mun naɗe wando har gwiwa muna tsamo abin da ya saura. Kansila ya ce babbar kwata ce, ta jiha ce. Yaran ɗan majalisar tarayya suka ce aikin maigidansu yin doka ne a Abuja. Amma kuɗin tikiti kullum safiya sai an karɓa. Don Allah a ba mu shawara.

Malam Lauya: Wa alaikumus salam. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora kasuwanni, kwashe shara da magudanan ruwa na cikin gari a wuyan ƙaramar hukuma. Manyan magudanan da ƙanana ke zubawa ciki kuwa, a Legas ma'aikatar muhalli ta jiha ke riƙe da su. To ku fara tantance wace iri ce taku. Sannan ku duba rasitin tikitin nan. Ƙananan hukumomi 20 tsarin mulki ya sani a Legas, sai LCDA 37, wato yankunan raya ƙasa masu aiki kamar ƙananan hukumomi, da aka ƙirƙiro a 2003 zamanin Tinubu yana gwamna. Wanda sunansa ke kan rasiti, shi za ku fara riƙe wa wuya, a rubuce, kuma a buga muku hatimin karɓa a kwafinku.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, kun tsallake mutumin da ya fi kusa da ku. Majalisar jiha da ke Alausa 'yan majalisa 40 gare ta, ɗaya naku ne. Ku kai masa takardar koke da hotunan ambaliyar, ya gabatar, kwamiti na iya kiran jami'ai su yi bayani. Kuma kada ku tafi Hausawa zalla. Ruwan nan bai tambayi yaren kowa ba, ku sa Iyaloja, wato shugabar 'yan kasuwa, da maƙwabtanku Yarbawa da Ibo su sa hannu, ku sanar da Sarkin Hausawa.

Ɗan Agege: Tambaya ɗaya, Alhaji: katin zaɓenku na ina? In duk a Kano da Katsina kuke jefa ƙuri'a, kansila ba ya jin tsoronku. INEC na sauya wa mutum rumfar zaɓe idan an buɗe rajista. Kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ku tuna musu wannan a takardar.

Baban Hanifa: Allah Ya saka da alheri. Na duba rasitin, sunan LCDA ne a kai. Maganar kati kuwa ta taɓa ni, cikin mu 12 na shugabanci uku kaɗai ke zaɓe a nan. Malam Lauya, in na rubuta takardar daren nan, za ka duba min kafin Litinin?