Neman kalma: me za mu kira "modèle animal" da Hausa?

1. Ƴan'uwa, ƙanwata tana karatun ilimin halittu a Jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai, burinta ta zama mai bincike kan yadda jarabar taba ke bin jini. Za ta yi bayani a rediyo da Hausa, sai wannan kalma ta Faransanci, "modèle animal", ta cije mata: wato dabbar da masu bincike ke nazari a kanta don su fahimci abin da ke faruwa a jikin mutum. Shi ya sa na nemi shawararku.

2. Da yawanku kun ce "zakaran gwajin dafi". Namu ne, da daɗi a baki. Amma shi zakaran nan, abu guda ake son gani a jikinsa: dafi ya ci ko bai ci ba. Aikin kusu (ɓera, in ji mutanen Kano) a ɗakin bincike ya wuce nan nesa.

3. Ku duba. A 2008 masana suka gano wani yanki a kuromozom na 15 na ɗan Adam (kuromozom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), inda ƙwayar gado CHRNA5 take, yana da alaƙa da yawan karan sigarin da mutum ke zuƙa a yini. Alaƙa ce kawai suka gani, don ba a cire wa mutum ƙwayar gado a ga abin da zai faru. Kusu kuwa ana cire masa. A 2011, a cibiyar Scripps ta Amurka, an nuna cewa kusan (wato ɓerayen) da ba su da wannan ƙwaya suna ci gaba da ɗirkar nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba, ko ya yi ƙarfi, alhali masu ita suna ja da baya. Wato ita ce ke ce wa ƙwaƙwalwa "ya isa". Tun 1998 ma, a cibiyar Pasteur ta Paris, an ga kusan da aka cire wa wata ƙwayar daban sun daina neman nikotin.

4. Ashe kusun nan tsaya wa mutum ya yi, da shi ake kwatanta mu.

5. Malam, kai da ka rubuto daga Tawa ka ce "dabbar misali", Allah ya ƙara sani, ka kusa. Sai dai mai saurare zai ɗauka tatsuniya ce ko karin magana. "Dabbar gwaji" kuma ta dace da gwajin magani ko rigakafi, a bar ta can.

6. Ni na tsaya a kan DABBAR KWATANCE. Kwatance yana nuna kama, yana kuma tuna mana cewa kama ba ainihi ba ce: kusu ba ya kunna sigari, ba ya zaman fada da abokai. Jam'i, dabbobin kwatance. In an san dabbar, a ce kusun kwatance, kifin kwatance. Ku gwada a jimla ku faɗa mini inda ta yi tuntuɓe.