Taƙaitawar tattaunawar da muka yi kan sayen gidan haya: riba da haɗari

1. Kowa ya yarda takarda ce farko, a bincika C of O (takardar shaidar mallaka) a KANGIS ko KADGIS (hukumomin filaye na Kano da Kaduna) kafin a biya ko sisi, gidan gado kuma sai duk magada sun sa hannu.
2. Kusa da jami'ar BUK ko ABU ɗaki ba ya rasa mai shiga, amma yajin aikin ASUU (ƙungiyar malaman jami'a) na 2022 wata 8 ya yi, masu gidaje sun ji jiki.
3. Kan Abuja aka rabu. Wasu sun ce hayar can ta fi tsoka, wasu sun ce gidan da idonka ba ya kaiwa, dillali kake yi wa noma, ni ma nan na karkata gaskiya.
4. A cire kuɗin gyara kafin a ƙirga riba.